Mutum Nawa Ne a Gidan Nan? Yadda Tarihi Ke Fassara Alƙaluman Ƙidayar Najeriya

A watan Maris na 2006, ranar da malaman ƙidaya suka iso layinmu, ina zaune a zaure. Su biyu ne, namiji da mace, ɗauke da jaka da takardu da 'yar kwalbar tawada. Namijin ya tsaya wajenmu, macen ta yi sallama ta shiga ciki, na bi bayanta saboda kakata ba ta ji sosai.

"Iya, shekarunki nawa?"

"'Yar nan, wa ya rubuta? Abin da na sani, da Sarauniya ta zo Kaduna ina goyon fari."

Malamar ta ɗan dubi fuskarta, ta rubuta 70. Sarauniyar Ingila a 1956 ta zo, kuma idan kakata na da sha shida ko sha bakwai a lokacin, to shekarunta ba su wuce 66 ko 67 ba. Da aka zo lissafa mutanen gida, ta ambaci kowa da sunansa, amma ta tsallake maigidan kansa, domin shi ne ɗan farinta, kuma tun da take bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Yarinyar da take riƙo kuwa cewa ta yi ai an rubuta ta a gidan ubanta. Almajirai biyun da ke kwana a zaurenmu babu wanda ya tuna da su sai da malaman suka kusa fita.

A waje wata muhawarar ake yi. Wani dattijo maƙwabcinmu ya matso kusa da malamin ya ce, "Malam, ba dai haraji za a dawo da shi ba?" Shi kuwa wani matashi ɗan siyasar unguwa sai kai da kawo yake yana cewa kada a bar ko jaririn da aka haifa daren jiya. Tambaya ɗaya aka yi wa mutanen nan biyu, amma ɗaya so yake a rage, ɗaya so yake a ƙara. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma dalilan ba a 2006 aka haife su ba.

Wanda ya ɗauki alƙaluman ƙidayar Najeriya ya jera su, ya ja layi daga na farko zuwa na ƙarshe kamar awon hatsi da mudu ɗaya, zai yi kuskure babba. Mudun ya sha canzawa. Masu nazarin yawan al'umma sun daɗe da gane cewa kafin ka yarda da adadi sai ka san wa ya ƙirga, me ya sa ya ƙirga, kuma me wanda aka ƙirga yake tsoro ko yake kwaɗayi a ranar.

Ƙidaya ta farko da Turawa suka yi a wannan ƙasa a Legas ce, a 1866, inda aka samu mutum wajen 25,000. Ta 1911 ce aka fara cewa ta game ƙasa, da kimanin miliyan 16. Ta 1921 ta ba da miliyan 18.7, ta 1931 kuma kusan miliyan 20. Amma kiran waɗannan ƙidaya ma alfarma ce aka yi musu. Bin gida-gida a 'yan garuruwa kaɗan aka yi. Sauran, musamman a Arewa, daga takardun haraji aka ɗauko, aka cike gurbi da ƙiyasi. Mai unguwa ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya miƙa wa En'e, daga nan ya isa teburin Razdan.

Ka sa kanka a matsayin dagacin. Duk namijin da ka rubuta, kai za a bi kuɗinsa. In ya tafi ci-rani bai dawo ba, ko ya mutu, ko fara ta cinye gonarsa, kai ne za ka amsa a gaban hakimi, rawaninka kuma yana iya tafiya. Shi ma magidanci ya san cewa ranar da aka rubuta ɗansa a matsayin baligi, ranar nauyi ya ƙaru. Sai yaro mai shekara sha bakwai ya koma ɗan sha uku. Bafulatani ya kora rabin garke daji kafin malamin jangali ya iso. A ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, ga haraji ga aikin tilas wanda sai 1946 aka soke shi, don haka iyalai da yawa suka riƙa tsallako iyaka, su ɓace daga takardar can ba tare da lalle sun shiga ta nan ba. Tsoron da dattijon zaurenmu ya nuna gadonsa ya yi, kuma ba tsohon labari ba ne sosai, tunda a Kano da Kaduna sai 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji.

A Kudu maso Gabas abin har jini ya zubar. An ƙirga maza, aka ce ba komai, sai ga haraji a 1928. Saboda haka a Nuwamba 1929, da wani ma'aikaci ya shiga wani gida a garin Oloko ya ce wa wata mata mai suna Nwanyeruwa ta ƙirga mutanenta da dabbobinta, ita da sauran mata sun fahimci inda aka dosa. Boren da ya biyo baya, wanda aka fi sani da boren matan Aba, ya ci rayukan mata fiye da 50. Da shekarar 1931 ta zo, hukuma ba ta yi gigin bin gidaje a wannan yanki ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki adadin Gabas na 1931 ya yi lissafi da shi hankalinsa kwance.

Haka tsakanin 1911 da 1921. A takarda ƙari ake gani. A ƙasa kuwa shekarun nan ne aka yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta ɗaiɗaita ƙasar Hausa, sannan annobar mura ta 1918 da aka ƙiyasta ta kashe kusan rabin miliyan a Najeriya. Ƙarin da takarda ta nuna, wani ɓangarensa ba haihuwa ba ce. Hannun hukuma ne ya ƙara tsawo, ya kai ƙauyukan da da bai kai ba.

Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ita ce ta farko da aka yi ƙoƙarin bin gidaje a ko'ina. An samu miliyan 30.4, Arewa na da miliyan 16.8. Jama'a da yawa sun shige ta da tsohon tunani, suna ɓoyewa. Sai ga shi da wannan adadi aka raba kujerun majalisar tarayya, kuma a zaɓen 1959 Arewa ta samu 174 cikin 312. Nan idon kowa ya buɗe. Kan mutum da jiya yake jawo bashi, yau ya zama kujera, ya zama kaso daga baitulmali.

A watan Mayu na 1962 aka sake ƙidaya, ta farko bayan samun 'yancin kai. Alƙaluman da suka fito, waɗanda ba a taɓa bayyana su a hukumance ba, sun nuna Arewa ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta kai miliyan 22.5, yayin da Gabas da Yamma kowacce ta ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100 a shekara goma. Da an amince da su, da Arewa ta rasa rinjayenta. Baturen da ke jagorantar aikin, J. J. Warren, ya ce alƙaluman wasu sassan Gabas aringizo ne. Aka ce a je a tantance. Da aka dawo daga tantancewa, sai ga Arewa ta gano ƙarin mutum sama da miliyan 8. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke aikin gaba ɗaya, aka sake a Nuwamba 1963. Sakamakon: miliyan 55.7, Arewa na da miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ce bai yarda ba, gwamnatinsa ta tafi Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Adadin ya zauna, kuma da shi aka yi ta tsara makarantu da asibitoci kusan shekara talatin.

Ni dai ban ga amfanin neman wanda ya fara ba. Kowane yanki ya zuba ruwa a nononsa, bambancin kawai wani ya riga wani. Abin da ya fi amfani shi ne ɗan lissafin da kowa zai iya yi. Daga miliyan 30.4 zuwa 55.7 a shekara goma sha ɗaya, ana nufin jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi 5 cikin 100 kowace shekara. Haihuwa ba ta iya wannan. Ko Nijar, wadda take cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan haihuwa a duniya, tsakanin ƙidayarta ta 2001 mai miliyan 11 da ta 2012 mai miliyan 17.1, ba ta kai kashi 4 ba. To ko dai an rage a 1952, ko an ƙara a 1963. Tarihi ya ce duka biyun aka yi.

Ta 1973, zamanin Gowon, ta ba da miliyan 79.8, aka yi ta cece-ku-ce har Murtala Muhammad ya soke ta da hawansa a 1975. Sai 1991, zamanin Babangida, lokacin da aka cire tambayar ƙabila da ta addini, aka hana zirga-zirga na kwana uku. Kafin ranar, hukumomin duniya suna cewa Najeriya ta haura miliyan 110, domin a kan adadin 1963 suka yi ta ɗora ƙari. Da sakamako ya fito, miliyan 89 ne ba kaɗan. Mutum fiye da miliyan 20 sun ɓace a dare ɗaya ba tare da an yi jana'izar kowa ba, domin dama a takarda kawai suke.

In ka auna daga 1963 zuwa 1991, ƙarin bai kai kashi 2 cikin 100 a shekara ba, abin da ya yi kaɗan ga ƙasar da mace ke haihuwar 'ya'ya shida. In ka auna daga 1973, bai kai ko kashi 1 ba. Amma in ka tsallake waɗannan biyun, ka auna daga 1952 zuwa 1991, sai ka samu wajen kashi 2.8, adadin da hankali zai ɗauka. Wannan bai wanke 1952 ko 1991 ba. Abin da ya nuna shi ne waɗanne ne suka fi kauce hanya, kuma sun dace daidai da shekarun da rabon mulki ya fi zafi.

Ba mu kaɗai ba ne. A Tarayyar Sobiyet, ƙidayar 1937 ta nuna miliyan 162, ƙasa ƙwarai da abin da Stalin yake tsammani, saboda yunwar 1932 zuwa 1933 ta bar giɓi. Aka binne sakamakon, aka kama shugabannin aikin, aka harbe wasunsu. Lebanon kuwa tun 1932 ba ta sake ƙidaya ba, domin a kan waccan aka raba muƙamai tsakanin addinai.

Inda na fi ganin rashin sanin tarihi yana ɓata magana shi ne gardamar Kano da Legas. A 2006 an ce ƙasa na da miliyan 140.4, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Tun daga nan kullum za ka ji wani yana cewa a duk duniya bakin teku ya fi cikin ƙasa jama'a, to ta yaya yanki mai ƙarancin ruwan sama zai fi? Maganar tana da daɗin ji, amma ƙasar Kano ba jiya ta cika ba. Clapperton, wani matafiyi ɗan Birtaniya da ya shiga birnin a 1824, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000 zuwa 40,000. Barth, matafiyi Bajamushe wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ce 30,000, kuma suna iya kaiwa 60,000 a lokacin fatauci. Wato shekaru kafin a ƙirga 25,000 a Legas, Kano ta wuce haka. Kuma birnin ba shi ne babban labarin ba. Karkarar da ke kewaye da shi ce: gona na jikin gona, ba a barin saura ta huta, jakuna na fita da taki daga birni su dawo da itace da hatsi. Ƙasa ce mai rijiyoyi marasa zurfi, ga ganuwa da masarauta mai ƙarfi da ta sa mutane suka taru inda ake da tsaro. Tsakiyar Najeriya, wadda ta fi samun ruwan sama, ta fi ƙarancin jama'a, saboda ƙudan tsando da kuma hare-haren kamun bayi da ta sha daga Arewa da Kudu. Wannan ɓangaren ba mu cika son faɗarsa ba, amma yana cikin bayanin.

Sai dai kada ɗan Kano ya yi saurin tafi. Tarihin da ya tabbatar da cewa ƙasar Kano tsohuwar matattara ce, shi ne kuma ya nuna Legas ta tashi daga wajen 74,000 a 1911 zuwa 665,000 a 1963, kuma wannan na tsohon yankin tarayya ne kawai, kafin a ƙirƙiro jihar a 1967 da faɗin da take da shi yanzu. Gari mai irin wannan gudu shi ya fi wuyar ƙirgawa: ɗaki ɗaya mutum takwas, wasu a gareji, wasu a kasuwa, wasu a gidajen kan ruwa. Ga kuma al'adar da ta kafu tun 1962, ta shugabannin gari su aika wa 'ya'yansu na birni su dawo gida a ƙirga su. Duk wanda ya hau mota ya tafi ƙauyensu, Legas ta yi asararsa a takarda ko da shekara ashirin ya yi a cikinta. Sannan a tuna an cire Jigawa daga Kano a Agusta 1991, wata uku kafin ƙidaya, don haka Kanon 1963 da Kanon 2006 ba ƙasa ɗaya ba ce. Jihohin biyu ma ba hanya ɗaya suke cika ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a Legas kuwa 3.4. Ɗaya da goyo take ƙaruwa, ɗaya da tasha.

Akwai wani abu a maganar Barth da ake wucewa da sauri. Ya ce birnin na ninkawa daga Janairu zuwa Afrilu. Wannan rani ne, lokacin da gona ta sallami mutum. Har gobe haka ake: bayan kaka samari su fantsama birane, da saukar ruwa su koma. Ƙidayar 1991 a ƙarshen Nuwamba aka yi, ana cikin kaka. Ta 2006 a ƙarshen Maris, tsakiyar ci-rani. Ƙauyen da ka ƙirga a Nuwamba da wanda ka ƙirga a Maris suna ɗaya ne, mutanen ciki ne ba ɗaya ba. Mai kwatanta ƙaramar hukuma a shekarun biyu, in bai kula da wata ba, zai ga ƙaura inda babu, ko ya kasa ganinta inda take.

Mu koma kan 70 ɗin da aka rubuta wa kakata. Ba ita kaɗai ba ce. Duk inda aka zana shekarun 'yan Najeriya, za ka ga cunkoso a 30, 35, 40, 50, 60, ka ga ramuka a 39 da 41 da 59, kamar a wasu shekarun mata sun yi yajin haihuwa. Maganin da masana suka samo shi ne kalandar abubuwan da suka faru, wadda ake ba malamin ƙidaya don ya tambayi mutum da harshen da yake lissafi da shi. Mu kuwa da shi muke lissafi: zuwan Sarauniya, murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963, kisan Sardauna a 1966, canjin hannu a 1972, canjin kuɗi a 1973. A ƙasar Hausa ta Nijar yunwar 1984 har sunan Buhari aka laƙaba mata, saboda ta zo daidai da rufe iyaka. Kakata ta ba da amsa mafi inganci da za a iya samu. Wadda ta tambaye ta ce ba ta juya ta zuwa shekara ba.

Gyara shekaru ba ƙawa ba ce, domin da su ake kama aringizo. 'Yan shekara goma a 1991 su ne 'yan ashirin da huɗu ko da biyar a 2006. In ba baƙi aka yi ba, dole su ragu, tunda mutuwa na ɗiba. In ka ga sun ƙaru, to ɗaya daga cikin ƙidayar biyu ta yi ƙarya, ko ta manta da wasu. Haka ake duba yawan maza da mata, da yawan yara a kan iyaye mata. Wani masani ɗan Birtaniya, William Brass, ya fito da dabarar gano yawan mutuwar yara a ƙasashen da ba a rajistar haihuwa, daga tambayoyi biyu kacal: nawa kika haifa, nawa ke raye. Dabara ce mai kyau, amma a gidan Bahaushe sai an san gida. Uwar da ke alkunyar ɗan fari, wadda ba ta son tuna jaririn da ya koma kafin suna, wadda ta ba da ɗaya riƙo ta karɓi wani, amsarta na bukatar mai fassara.

Waɗanda suka koma ɗin nan su ne bayanin abin da ya sa muke yawa yanzu. Sau da yawa ana magana kamar haihuwa ce ta ƙaru. Ba ta ƙaru ba, raguwa ma take a hankali: daga 6.0 a binciken 1990 zuwa 5.3 a na 2018. Mutuwa ce ta ja baya. Agana, wadda ta bar zane a fuskokin tsofaffinmu, rabon da a gan ta a Najeriya tun 1970. Yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar sun sauko daga 201 cikin 1,000 a binciken 2003 zuwa 132 a na 2018, kuma har yanzu adadin yana da yawa. Kakata ta haifi tara, huɗu suka girma. 'Yarta ta haifi takwas, bakwai suna raye, kuma duk sun yi aure. Ko yau kowa ya rage haihuwa, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama, domin iyayen gobe an riga an haife su, suna firamare.

Yau in ka ji an ce Najeriya ta haura miliyan 220, ba ƙirgawa aka yi ba. Hasashe ne da aka gina a kan tsofaffin ƙidayoyi da binciken samfuri, irin ginin da aka yi a kan 1963 kafin 1991 ta rushe shi. Ƙidayar da aka shirya yi a Mayu 2023, wadda aka ce da na'urorin hannu za a yi ta a maimakon takarda, gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura kwanaki. Na'ura za ta iya rage rubuta mutum sau biyu, ta nuna ko malami ya taka gidan da ya ce ya taka. Amma har yanzu yawan jama'a na da kashi 30 cikin 100 a ma'aunin raba kuɗi tsakanin jihohi, kuma da shi ake yanka mazaɓun majalisar wakilai mai kujera 360, inda Kano da Legas kowacce ke da 24. Dattijon da ya yi tambayar haraji ya rasu, kakata ma haka. Matashin da ke cewa kada a bar ko jariri yana nan, yanzu shi ake kira in za a yi taron unguwa.